Kafin Ka Rataya Allo: Wace Rajista Ta Dace da Sabon Asibitin Gyaran Ƙashi?

 

Maganarmu ta yau ta shafi ƙashi, amma ba ta ciwon ƙashi ba ce. Ta takarda ce. Da matashin nan muke, wanda ya karanci gyaran ƙashin baya ko gashin ƙashi, ya gama hidimar ƙasa, ya karɓi lasisinsa, yanzu yana so ya buɗe wurin kansa. Da 'yar'uwarmu muke, wadda ta gaji da jiran aikin gwamnati, ta ce bari ta kama ɗaki biyu a bakin titi, ta riƙa duba mata masu ciwon baya da na ƙugu. Kuma da iyaye muke, da kawunnai, da mazaje, tunda galibi kuɗinsu ne ke tayar da irin wannan wuri.

Wace irin rajista za a yi wa wurin? Ta sunan kasuwanci kawai? Ta haɗin gwiwa? Ko ta cikakken kamfani? Da yawa sai ƙarshe suke tuna wannan. An biya haya, an yi fenti, an sayo kayan aiki, mai rubuta allo ya karɓi kafin alƙalami, sannan a aiki yaro shagon intanet a ce ya yi wadda ta fi araha. Ni a ganina nan ya kamata a fara. Domin wannan zaɓin shi ne ke amsa wata tambaya mai nauyi: ranar da abu ya ɓaci, wa zai biya, kuma daga dukiyar wa? Ku riƙe mini wannan tambayar. Za mu yi ta komawa kanta.

Bari mu ɗan waiwaya, mu san sana'ar. Gyaran ƙashin baya da hannu, wanda ake ce wa kairofiraktik, daga Amurka ya fito. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya faro shi a garin Davenport na jihar Iowa a 1895. Yana danna ƙashin baya da na wuya da hannu, yana cewa gocewar ƙashi ce tushen yawancin cututtuka. Ilimin likitanci bai gaskata wannan iƙirari ba. Aikin yana taimaka wa wasu masu ciwon baya, amma ba maganin kowace cuta ba ne, kuma duk wanda ya ce muku haka ku kama kanku da shi. Abin da ya kawo mu kan Palmer shi ne abin da ya same shi a 1906. An gurfanar da shi a kotu, aka ɗaure shi, saboda yana duba marasa lafiya babu lasisi. Mai sana'ar kenan da kansa. Sai a 1913 jihar Kansas ta fara yi wa sana'ar doka, kuma sai a 1974 jiha ta ƙarshe, Luwiziyana, ta bi sahu.

To, mu dawo gida. A Nijeriya takardu uku ne ke gabanka, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ta farko lasisinka ne na aiki. Wannan hukumar MRTB ke bayar da shi, wadda aka kafa a 1988, kuma ita ke kula da masu gashin ƙashi, da masu gyaran ƙashin baya, da masu haɗa ƙafar roba, da makamantansu. Ta biyu izinin wurin ne, wanda ke hannun jiha. A Kano hukumar PHIMA ce ke duba asibitoci masu zaman kansu, a Legas kuma HEFAMAA. Ta uku ita ce rajistar kasuwanci, ta hukumar CAC, mai hedikwata a Abuja. Za ka shiga wani wurin ka ga an sa takardar CAC a gilas an maƙala a bango, a kan ita ce shaidar ƙwarewa. Ba ita ba ce. Takardar CAC ba ta ba kowa izinin taɓa wuyan mutum.  Masu ɗorin gargajiya kuwa, waɗanda suka gaji abin kaka da kakanni, nasu tsarin daban ne, za mu ware musu rana. Yau a kan takarda ta uku za mu tsaya.

Hanya ta farko ita ce rajistar sunan kasuwanci. Ita ce mafi sauƙi, ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi yawa a garuruwanmu. Ka zaɓi suna, hukuma ta duba ta ga babu wanda ya riga ka, ka cika bayanai, ka biya, a ba ka takarda. Doka ta ce in da wani suna kake kasuwanci wanda ba naka na yanka ba, to ka yi masa rajista cikin kwana 28 da farawa. Da wannan takarda za ka buɗe asusun banki da sunan wurin. Harajinka kuma na mutum ne, hukumar tattara haraji ta jiharka za ka biya.

Amma ku saurara da kyau, jama'a. Sunan kawai aka yi wa rajista. A wurin shari'a, kai ne wurin, wurin kuma kai ne. Bashin wurin bashinka ne. In mai gida ya biyo kuɗin hayar shekara biyu, kai zai kai ƙara. In ka karɓi injin gashi bashi ka kasa biya, kuma kotu ta yanke hukunci, ba a kan injin kawai za a tsaya ba. Motarka tana ciki. Filin da ka saya a bayan gari yana ciki.

Bari in kawo muku misali daga cikin ɗakin aiki. A ce ka ɗauki wata yarinya tana taimaka maka. Aikinta ta ɗora wa majinyata jakar ruwan zafi a baya kafin ka zo ka yi tausa. Ran nan aka kawo wata dattijuwa mai ciwon suga. Masu wannan ciwo, in ya daɗe, fatar wasunsu ba ta jin zafi yadda ya kamata. Yarinya ta ɗora jaka, waya ta yi ƙara, ta fita. Hajiya tana kwance, ba ta ji komai ba, ba ta ce komai ba. Ko da aka ɗaga, baya ya sale. Ciwon mai suga kuwa kun san ba ya saurin warkewa. 'Ya'yanta suka ɗauki lauya. To, wa za a kama? Ƙa'idar shari'a ita ce, ubangida yana ɗaukar alhakin sakacin ma'aikacinsa in a bakin aiki ya faru. Wane ne ubangidan yarinyar nan? In sunan kasuwanci gare ka, kai ne, da duk abin da ka mallaka. Ba ka taɓa jakar ba, wataƙila ma kana masallaci a lokacin. Amma daga aljihunka diyyar za ta fito.

Kun ga tambayarmu ta dawo. Wa zai biya, daga dukiyar wa?

Mu shiga hanya ta biyu, wato haɗin gwiwa. A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zumunci ya fi lalacewa. Da wuya matashi ya buɗe irin wannan wuri da kuɗinsa shi kaɗai. Ko dai abokin karatu ne suka haɗa, ko wani babba a dangi ya ba da jari. Kuma kusan kullum da baki ake yi.

Ku ji yadda takan kasance. Yaro ya je gaida kawunsa, ya durƙusa, ya ce, "Kawu, dama lauya ne ya ce ko za mu ɗan rubuta yadda kuɗin nan yake." Kawu ya ajiye carbi ya dube shi. "Takarda? Ni da kai? Ni fa na sayi ragon sunanka." Yaro ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Kawu. A bar maganar." Aka bar maganar.

Kuɗin nan mene ne? Rance ne? Kyauta ce? Ko hannun jari ne? Kawu a ransa ya shiga kasuwanci, yana jiran rabonsa duk wata. Yaro a ransa rance ne, zai biya a hankali in wuri ya tsaya da ƙafarsa. Kowa da gaskiyarsa, babu maƙaryaci a cikinsu. Bayan shekara uku wuri ya bunƙasa, mutane suna layi. Kawu ya riga mu gidan gaskiya. Ranar rabon gado 'ya'yansa suka ce ai rabin asibitin nan na mahaifinsu ne. Da me yaro zai kare kansa? Da me su ma za su tabbatar da nasu? Dangi ya rabu biyu a kan abin da takarda guda za ta iya kashewa. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka wanda ya ce a rubuta bai yi rashin kunya ba.

Akwai wani haɗarin kuma. A haɗin gwiwa na gama-gari, abin da abokinka ya ƙulla da sunan wurin ya hau kanka. Kana gida, shi ya je ya sa hannu a kan bashin kayan aiki. Mai kaya yana iya biyo ka, ko da ba ka san an yi ba.

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar, ta kawo sababbin hanyoyi biyu da suka rage wannan matsala. Ɗaya ta dace da irin su Kawu. Mai kuɗi ya zuba jarinsa ya koma gefe. In an yi asara, abin da ya zuba kawai zai rasa, amma da sharaɗin ba zai sa hannu a tafiyar da wurin ba. Mai gudanarwa shi ke ɗauke da sauran nauyin. Waɗanda suka yi karatun fiƙihu za su ga ta yi kusa da ƙiradi, inda wani ke kawo dukiya wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya. Ba daidai suke ba ta kowace fuska, don haka mai son ya tsare ɓangaren addini ya haɗa da malami. Ɗayar kuwa, wadda ake taƙaita sunanta da LLP, ta fi dacewa da ƙwararru biyu ko fiye masu aiki tare. Ita tana da rai nata daban a wurin doka. Kuskuren abokinka ba ya bin ka har gida. Naka kuskuren dai yana nan a wuyanka. Ku lura da wannan jimla ta ƙarshe, za mu sake haɗuwa da ita.

Yanzu hanya ta uku, cikakken kamfani, wanda ake rubuta Limited a ƙarshen sunansa. Me ya bambanta shi? Labarin wani mai takalma zai bayyana mana. A birnin Landan an yi wani mutum, Aron Salomon, mai sana'ar ɗinkin takalman fata. A 1892 ya mayar da kasuwancinsa kamfani. Dokar lokacin tana neman mutum bakwai, sai ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗai-ɗai, shi ya riƙe sauran duka. Ba a jima ba kasuwa ta karye, kamfani ya durƙushe da bashi. Masu bin bashi suka ce ai wannan wasa da hankali ne, kamfanin nan Salomon ne kawai ya sake riga, shi zai biya. Shari'a ta yi ta hawa har kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani. A ƙarshen 1896 alƙalai suka yanke cewa kamfanin da aka kafa bisa ƙa'ida mutum ne mai zaman kansa, bashinsa nasa ne, ba na mai shi ba. Har yau kotunan Nijeriya suna aiki da wannan ƙa'ida, kuma duk ɗalibin lauya ya san sunan Salomon.

Ma'anar wannan gare ka ita ce, ka gina katanga tsakanin asibiti da gidanka. Haya da sunan kamfani. Ma'aikata na kamfani ne. Injin na kamfani ne. Yarinyar nan da ta bar jakar ruwan zafi, ubangidanta yanzu kamfani ne, kuma dukiyar kamfani za a bi.

A da, sai mutum biyu ake kafa kamfani a Nijeriya. Shi ya sa za ka ga an cusa sunan mata ko ƙane a takarda, mutumin da bai san ma yana ciki ba. Dokar 2020 ta kawar da wannan. Yanzu mutum ɗaya yana iya kafa kamfaninsa shi kaɗai. Mafi ƙarancin jarin da za a rubuta naira 100,000 ne, kuma ba kuɗi ne da za ka kai wa hukuma ba, darajar hannun jarin da ka ɗauka ce. An kuma sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, ba dole ne su naɗa sakataren kamfani ba. Saboda haka tsohon uzurin nan na cewa kamfani sai manyan attajirai, ya faɗi.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Katangar nan tana da ƙofofi uku, kuma masu yi wa mutane rajista ba kasafai suke faɗa ba.

Ƙofa ta farko ita ce hannunka. Wannan ita ce babba. Kamfani yana kare ka daga bashin haya da bashin kaya. Ba ya kare ka daga abin da hannunka ya aikata. A ce tsohuwa ce mai raunin ƙashi, ba ka tambayi tarihinta ba, ba ka nemi hoto ba, ka danna, haƙarƙari ya karye. Ko ka murɗa wuyan mutum. Likitoci sun rubuta rahotannin mutanen da jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan irin wannan murɗa, har ta kai su ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa. Ranar da ya faru, ba za ka ɗaga takardar CAC ka ce kamfani ne ya murɗa ba. Kai za a kira, da sunanka. Hukumar da ta ba ka lasisi ma kai za ta tuhuma. Ko a Amurka, inda sana'ar ta fito, haka abin yake. A jihar Kalifoniya ma ba a yarda mai wannan sana'a ya yi aiki a ƙarƙashin kamfanin da suke kira LLC ba. In yana son kamfani, sai irin na ƙwararru, kuma ko a cikinsa sakacinsa yana wuyansa.

Me zai rufe wannan ƙofa? Abu biyu. Kula da aiki, da inshorar kuskuren sana'a. Ka riƙa rubuta abin da majinyaci ya faɗa maka, da abin da ka gani, da abin da ka yi masa, da ranar. Ka yi masa bayani, ya amince, ya sa hannu ko ya dangwala. Abin da ya fi ƙarfinka ka tura shi gaba. Mutumin Kano ya san hanyar Asibitin Ƙashi na Dala, kuma babu abin kunya a cewa wannan ba nawa ba ne. Sannan ka nemi inshora. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful da ke aiki bisa tsarin Musulunci, ya je ya tambaye su abin da suke da shi na masu aikin lafiya. Ko wace irin rajista ka yi, wannan bai faɗi a kanka ba.

Ƙofa ta biyu, banki. Bankuna sun san labarin Salomon fiye da ni da kai. Sabon kamfani ba shi da komai sai kujeru da labule. Don haka in ka je neman rance, za a turo maka wata takarda a ce ka tsaya wa kamfanin da kanka, ko ka ajiye takardar gida. Ranar da ka sa wannan hannu, kai ka buɗe ƙofar da kanka. Ba na ce kada a taɓa yi ba. Na ce a karanta, a san abin da aka sa wa hannu. Wani mai gidan haya ma yakan nemi haka.

Ƙofa ta uku ita ce ɗabi'armu. Majinyaci ya ce zai tura kuɗi, ka ba shi lambar asusunka na kanka, don ita ce a bakinka. Uwargida ta aiko a ba da kuɗin cefane, ka jawo durowar asibiti ka ƙirga. Kuɗin makarantar yara daga asusun kamfani. Kuɗin man janareto daga aljihunka, ba a rubuta ba. Shekara ta zagayo, kai kanka ba ka san ko riba kake ci ko uwar kuɗi ba. Kuma in rigima ta kai kotu, lauyan ɗaya ɓangaren wannan zai fara tonowa, ya ce kamfanin na takarda ne kawai. Inda aka ga alamar yaudara, kotu tana da ikon tsallake kamfani ta kama mai shi. Maganin wannan ba wuya. Ka yanka wa kanka albashi. Ya shigo asusunka ƙarshen wata. Daga nan ka yi cefane.

Sai maganar ɗawainiya, domin kamfani ba a kafa shi a tafi barci. Duk shekara akwai bayanin da ake miƙa wa CAC. Mai sunan kasuwanci ma yana miƙa nasa, kafin ƙarshen watan Yuni, amma na kamfani ya fi nauyi, ya fi son lissafi a rubuce. In ka yi sakaci tara tana taruwa, a shafin hukumar a rubuta cewa kamfaninka ba ya aiki. Duk wanda zai ba ka kwangila yana iya dubawa ya gani. Hukumar ta sha sanar da soke kamfanonin da suka yi shekaru ba su miƙa komai ba. Harajin kamfani kuma na tarayya ne, ban da na albashin ma'aikata da ake cirewa a kai wa jiha. Dokokin haraji sun sauya. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbi a watan Yuni na 2025, suka fara aiki a Janairun 2026. Akwai rangwame ga ƙananan kamfanoni, amma da sharuɗɗa, musamman ga masu sana'ar ƙwararru. Kada ka ji a majalisa an ce ƙaramin kamfani ba ya biyan haraji ka kama. Ka zauna da akanta ya duba naka.

A gefe guda, kamfani yana buɗe ƙofofin da suna kawai ba ya saurin buɗewa. Kamfanonin inshorar lafiya, da manyan ma'aikatu masu son turo ma'aikatansu, sun fi sakin jiki da wurin da ke da tsari da lissafi. Sannan akwai ranar da babu makawa. Mai sunan kasuwanci in ya rasu, kayan wurin sun shiga gado, a raba inji nan, kujeru can. Kamfani kuwa yana nan. Hannun jari ne ake gada, a raba shi yadda shari'a ta tsara, a ɗauko ƙwararre mai lasisi ya ci gaba da aiki, marayu su ci gaba da samu.

Wanda niyyarsa taimako ce zalla, kamar wurin kula da yara masu lalurar ƙwaƙwalwa kyauta, akwai rajistar amintattu. Amma ya sani, a can ba a raba riba. Kada a fake da ita don gudun haraji. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi kuma, ku dokarku ta OHADA ce, sunayen daban ne. Abin da ya yi kusa da kamfanin da muka bayyana shi ne SARL, kuma mutum ɗaya ma yana iya kafa shi. Tambayar da za ku yi wa lauya dai ita ce wadda muke ta yi.

To, ina na tsaya? Ga ra'ayina, ba tare da kwana-kwana ba. In kai kaɗai ne, ɗaki ɗaya, kuɗinka ne, babu bashi, babu ma'aikacin da ke taɓa majinyaci, sunan kasuwanci ya ishe ka farawa, muddin ka haɗa da inshora da asusu na daban. Kada ka ɗora wa kanka ɗawainiyar da ba ka kai ba. Amma da zarar ɗayan abubuwan nan ya shigo, wato kuɗin wani, ko hannun wani a jikin majinyacinka, ko doguwar haya, ko inji na bashi, to lokacin kamfani ya yi. Ku biyu ne ƙwararru? Ku zaɓi LLP ko kamfani, ku rubuta kason kowa, da albashin kowa, da yadda za a yi in ɗaya ya so fita, ko ya samu aiki a Saudiyya, ko ya rasu. Haɗin gwiwar baki kuwa, ban ga ranar da zan ba wani shawarar ya yi shi ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kuma wanda ya riga ya fara da suna, ƙofa ba ta rufe ba. Ana iya kafa kamfani daga baya a mayar da harkar ƙarƙashinsa, sai dai a sabunta takardun haya da na banki da na hukumar jiha.

Maganata ta ƙarshe ga manya ce. Alhaji, Hajiya, Kawu, Gwaggo, maigida. In yaron nan ko yarinyar nan suka zo muku da takarda, kada ku ɗauka raini ne. Ku ne ma ya kamata ku riga su. Ku ce, zo nan, kuɗin nan da na ba ka rance ne, ko kyauta ce, ko jari ne, ɗauko biro. A kira mutum biyu su shaida, kowa ya riƙe kwafinsa. Ku kuma matasa, kuɗin zama da lauya na awa guda bai kai kuɗin allon da za ku rataya ba. Ku je a wannan makon, kafin mai fenti ya fara aiki.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.